Mutuwar Anti Fito

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mama tana nan kalau, ta ce in tuna miki hotunan yaran da kika yi mata alkawari tun bara.

Kin yi ƙorafi wai ba na kiran ki a waya. Yaya, ke ma kin san dalili. Ba na nisa da magana sai kin ce in maimaita, ni raina ya ɓaci, ke kuma ki ji kunya. Takarda ba ta taɓa ce mini in maimaita ba, don haka ki yi haƙuri da rubutuna.

An ci mini mutunci ne a wurin aiki, kuma in ban gaya wa wani ba zan fashe. Kin san aikina a gidan rediyon nan: ni ke tattara labarai, in fassara, in tsara, in miƙa wa Baba Mai Labarai ya shiga ɗaki ya karanta, gari ya yi ta yaba masa iya magana. Ban taɓa jin haushinsa ba, dattijon kirki ne. To ya shaida mana cewa nan da shekara biyu zai ajiye aiki, za a fara duba wanda zai gaje shi. Na yi kwalliyata, na hau sama wurin Manaja, na ce a sa ni cikin waɗanda za a gwada. Yaya, mutumin nan ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Haba, ke ce fa Anti Fito! Ko rasuwa kika sanar, gari dariya zai yi."

Ba ki san Anti Fito ba, domin na ɓoye miki. Akwai wani a wurinmu da ake kira Harshe Goma, mai shirin barkwanci na ranar Asabar, yana kwaikwayon muryoyin mutane. Mako ɗaya aka ɗauke mu aiki, tebur ɗaya muka zauna, har abincin rana tare muke ci. Wata rana ɗakin watsa shiri babu kowa, na gaya masa burina na karanta labarai, abin da ko ke ban taɓa gaya wa ba. Ya ce in zauna gaban makirufo in gwada, shi zai saurara. Na karanta da zuciya ɗaya, ya tafa mini. Ba a daɗe ba sai ga sabuwar murya a shirinsa: wata mata mai son karanta labarai, wadda in ta zo kan "s" ko "z" ko "ts" harshenta ke leƙowa ta tsakanin haƙora, iska ta biyo da fito kamar butar shayi. Har "to, shi ke nan" ɗin da nake yawan faɗa bai bari ba. Ina zaune a ofis aka saki shirin, kowa ya juyo yana kallona.

Yau shekaru ke nan gari yana shan dariya da bakina. In na yi ciniki a kanti, sai mai kantin ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Shi kuwa Harshe ya sayi mota, yana gaishe ni kullum da fara'a, wai ni ce uwar ɗakinsa. Haƙorin dariya dai shi ke cizo.

Daga ofishin Manaja ban koma teburina ba. Na wuce asibitin haƙori da ke saman kantin maganin nan na bakin titinmu. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki hoton bakina, ta ba ni madubi ta ce in cije. Sai na ga abin da nake gani kullum ban lura ba: haƙoran ciki sun haɗu, na gaba kuwa na sama da na ƙasa ko gaisawa ba sa yi, yatsa ma zai wuce. Ta tambaye ni ko na tsotsi yatsa ina ƙarama. Na tuna yadda Mama ta yi ta shafa mini abu mai ɗaci ina lashewa ina ci gaba, har na shiga makaranta. Ta ce ta wannan ƙofa iska ke gudu, kuma ana iya rufe ta da ƙarfen gyaran haƙori, amma abin zai ɗauki kusan shekara biyu.

Shekara biyu, Yaya. Daidai da tafiyar Baba. Na ce ta sa mini. Kujerar nan nake so, kuma ina so Harshe ya gan ni a kanta da idonsa.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin ƙaramin ya sauka, kuma ke ma kina samun hutu. Saƙonki ya iso, na karanta wa'azinki tsaf. Kin ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, in yafe masa in yi gyaran don kaina. Yaya, harshe da haƙori suna saɓawa ne bisa kuskure. Wannan kuwa da gangan yake cizo, duk Asabar, kuma ana biyan sa.

An sa ƙarfen. Wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne aka manna a kowane haƙori, aka zura waya ta ratsa su. Kwanakin farko ji na yi kamar an ɗaure mini kai da igiya ana ja. Ko burodi ban iya cizo ba, sai abin da aka dama. Cikin leɓena ya yi ta salewa har sai da Likita ta ba ni wani abu kamar kakin zuma ina liƙawa a kan ƙarafan. Duk wata nake komawa ta ƙara ɗaure wayar, in dawo gida ina tsine wa Harshe da kowane haƙori. Yanzu kuma ta ƙara mini wasu 'yan robobi da nake maƙalawa daga sama zuwa ƙasa, su ne ke jawo haƙoran gaba su haɗu. In na yi hamma sai ɗaya ta tsinke ta harbe ni a harshe, Mama ta yi ta dariya tana ba ni haƙuri.

Abin da Likita ta gargaɗe ni a kai shi ne ya faru: maganar tawa ta ƙara lalacewa. Bakin ya cika da ƙarfe, harshe ya rasa inda zai sa kansa, ga yawu. Ta ce haka yake da farko, zai wuce. Amma kin san wa ya samu garaɓasa? Asabar ɗin da ta biyo, Anti Fito ta bayyana a rediyo da ƙarfe a baki. Wai ta je an sa mata shingen waya don kada maganganunta su tsere. Wai in ta wuce kusa da rediyo tasha na sauyawa da kanta. Ranar Litinin ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya dubi bakina ta madubi, ya kusa kai mu kwata don dariya.

Na shiga banɗakin ofis na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Da na fito sai na tarar da Injiniya, mai kula da na'urorin sauti, tsaye a bakin matakala. Mutum ne mai i'ina, bai cika magana ba. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito, ya ce shi ma yana cikin muryoyi goman da Harshe ke kwaikwaya. Sai a lokacin na zauna na lissafa. Tsohon nan mai i'ina na cikin shirin, Injiniya ne. Kurman da ke amsa abin da ba a tambaye shi ba, maigadinmu ne. Mai magana ta hanci, matar da ke share mana ofis ce. Ashe Harshe bai taɓa ƙirƙirar komai ba, cikin ginin nan yake kiwonsa, mu ne awakin.

Kada ki sake ce mini in bar wa Allah. Na bar masa, amma ina so in kasance a wurin ranar da zai yi hukuncin.

Mama na gaishe ki. Ki gaida mutan gidan.

Taki har kullum,
Auta


Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ki gafarce ni da dogon shirun da na yi. Na ji 'yan biyu sun shiga makaranta, Allah ya sa albarka. Ina da labari, ki nemi wuri ki zauna.

Ƙofar ta rufu. A hankali abin ya yi ta tafiya har ban lura ba, sai ran nan ina cin tuffa na ga na gutsure ta da haƙoran gaba. Yaya, tunda aka haife ni ban taɓa yi ba, da gefe nake cizo kamar akuya. Na tsaya ina kallon tuffar nan kamar wadda ta tsinci zinariya.

Amma fiton bai tafi ba. Na koma wurin Likita rai a ɓace, na ce an rufe ƙofa ɓarawo na nan. Ta ce dama ta gaya mini: ita gini take gyarawa, harshe kuwa ya shekara talatin yana bin hanya ɗaya, sai an koya masa sabuwa. In ma ba a koya masa ba, zai yi ta tura haƙoran har ya sake buɗe su. Ta haɗa ni da wata malama mai koyar da furuci, a wani ɗan ɗaki ƙarshen barandar asibitin, mai kujeru ƙanana masu launi, domin yawancin ɗalibanta yara ne. Haka nake zama, gwiwoyina kusan a haɓa, ni da madubi.

Malamar nan gajeruwa ce, ga faɗa. Ta nuna mini wani ɗan tudu a bayan haƙoran sama, ta ce nan ne gidan harshe, nawa ya zama ɗan yawon banza. Ta koya mini in haɗa haƙora, in ajiye harshe a baya, in saki iska siririya ta tsakiya. Har haɗiyar ruwa sai da ta sake koya mini, wai ina tura harshe waje in zan haɗiya. Muka fara da sauti ɗaya, muka koma kalma, muka koma jimla. Ina wanke-wanke ina "sa, se, si", ina wanka ina "za, ze, zi", har Mama ta fara tambaya ko lafiya.

Ranar da ta fara fita tsaf, "sannu" na ce. Malama ta ɗauka a wayarta ta kunna mini. Na ji wata mata mai sanyin murya ta ce sannu, babu fito, babu yawu. Na ce ta sake kunnawa. Ta sake. Sai hawaye, ni ƙatuwa da ni a kujerar yara.

To ga inda za ki yi fushi da ni. Washegari na shiga ofis da niyyar in gaishe da kowa da sabon bakina. Ina hawa matakala sai ga Harshe yana saukowa, ya rusuna mini, ya ce da muryata, "Anti, an tashi lafiya?" Sai wani tunani ya zo mini. In na bari ya ji yanzu, zai mai da shi abin dariyar Asabar mai zuwa, ya ce Anti ta je an yi mata juyen harshe, shi ke nan ya cinye wahalata. Sai na tura harshe tsakanin haƙora, na amsa masa da fito, wanda ya fi na da ƙarfi.

Tun daga ranar haka nake yi. A gida da wurin Malama ina magana kamar kowa, a ofis kuwa ina kwaikwayon kaina. Kuma wallahi na fi shi iyawa. Babu wanda ya sani sai Mama da Injiniya, sai ke yanzu. Zan ajiye muryar nan kamar wuƙa a kube, sai ranar da zan zare ta a inda ba zai iya mai da ita wasa ba.

Na san abin da za ki rubuto, ki rubuto ɗin, zan karanta. A gaida yara.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Auta


Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kin warware daga murar da kika ce ta kama ki. Mun gode da saƙon da kika aiko wa Mama, ya yi mata daidai.

An cire ƙarfen. Da Likita ta gama ta goge haƙoran, na shafa harshe a kansu na ji santsi kamar faranti. Ta ba ni wani marfin roba mai haske da zan riƙa sawa in zan kwanta, don kada su koma gidan jiya. A ofis kowa ya yaba, amma da na buɗe baki suka ji fiton na nan, sai na ga tausayi a fuskokinsu. Harshe kuwa ya samu na Asabar: wai an yi wa gida fenti, ɓeran yana ciki. Na taya su dariya har da riƙe ciki.

Sai dai akwai matsala, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ta tsorata ni. Malama ta gane. Ina karanta mata jarida sai fito ya kuɓuce mini sau biyu, ba da niyya ba. Ta ajiye biro ta tsare ni da ido har na faɗa mata gaskiya. Yaya, ban taɓa shan faɗa irin na ranar ba. Ta ce harshe bai san wasa ba, abin da aka fi sa shi yi shi yake riƙewa. Ina ba ta awa ɗaya, ina ba tsohon hali yini guda, wa nake tsammani zai ci? Ta ce in zaɓa, ko in daina ko in daina zuwa, ita ba za ta yi ta ɗinki wani na farkewa ba. Na roƙe ta ta ba ni wata ɗaya. Ta buɗe mini ƙofa ta ce in dawo ranar da na gama haukata.

Dalilin wata ɗayan shi ne wannan. Baba zai tafi ƙarshen wata mai zuwa, an fitar da sunayen waɗanda za a gwada, babu nawa, akwai na Harshe. Wai ya gaji da barkwanci, yana son a fara ganin girmansa. Kuma kafin nan shirinsa zai ƙara shekara, za a yi masa biki, kai tsaye, da kiran waya daga masu sauraro. Da kansa ya zo teburina ya zauna a gefe kamar da, ya ce yana da wata shawara: me zai hana gari ya ji Anti Fito ta gaskiya? Mu zauna mu biyu, shi yana yi ina yi, a rasa gane wace ce wace. Ya ce zan yi suna. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, na ce to, shi ke nan.

Kin ce in zan gina ramin mugunta in gina shi gajere. Na ji. Amma ni ban gina komai ba, shi ya haƙa, shi ya kawo mini kujera ya ce in zauna a baki. Abin da ke hana ni sukuni ɗaya ne: kada jar fitilar fara shiri ta kama, in buɗe baki, tsohon harshen ya riga ni fita. In haka ta faru na kashe kaina da hannuna a gaban gari duka, babu kujera, babu Malama.

Ki yi mini addu'a, ko da ba ki yarda da ni ba.

Taki,
Auta


Yaya! Yaya!

Gaisuwa a gurguje, ina fata kuna lafiya. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri.

An yi. Ɗakin ya cika, an sa balan-balan, Manaja da mutanen kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyin shirin suna tsaye bayan gilashi kusa da Injiniya. Aka zaunar da ni gaban makirufo ɗin nan dai da na taɓa karanta wa Harshe labarai. Jar fitila ta kama. Ya yi ta zuba, ya yi maigadi, ya yi mai shara, ya yi i'inar Injiniya a gaban Injiniya. Sannan ya koma Anti Fito, ya ce yau ya zo da 'yar'uwarsa ta jini, ta gaishe da jama'a.

Na buɗe baki na ce "masu sauraro", sai fito. Na gaske, Yaya, ba na wasa ba. Abin da Malama ta faɗa ya tabbata. Ɗakin ya kwashe da dariya, Harshe yana dukan tebur, na hango Manaja yana cire tabarau. Na ji kamar in tashi in gudu.

Sai na yi shiru. Kin san a rediyo babu zunubin da ya kai shiru, ko na numfashi uku ne sai an sa kiɗa an rufe. Na bar shi ya yi tsawo har dariyar ta mutu. Na haɗiye yawu yadda aka koya mini, na kai harshe gidansa, na haɗa haƙora. Na sake cewa, "Masu sauraro, barkanku da safiya." Ta fita siririya, tsaf, kamar an ja zare.

Daga nan ban tsaya ba. Na ce ni ce matar da kuke yi wa dariya shekara da shekaru. Na ce ba shashanci ba ne, ba iyayi ba ne, haƙorana ne ba sa haɗuwa, kuma likita ta gyara, malama ta koya mini magana. Na ce wannan da ke gabana abokina ne, a ɗakin nan na ba shi amanar burina, ya kai kasuwa. Na ce sauran muryoyin ma duk masu rai ne, suna cikin ginin nan, suna da 'ya'ya masu jin rediyo. Harshe ya yi ƙoƙarin tsoma baki da muryar Anti, amma shi kaɗai ke fito yanzu, kuma babu wanda ya yi dariya. Ya yi ta juya yatsa yana yi wa Injiniya alama ya sa kiɗa. Injiniya kuwa sai a lokacin igiyar takalminsa ta kwance, ya sunkuya yana ɗauri, bai ɗago ba sai da na gama. Da ya ɗago, maimakon kiɗa sai ya buɗe layin waya.

Iya nan na shirya, kuma da a nan aka tsaya ma na ƙoshi. Na farko ya kira ya ba ni haƙuri. Na biyu ya zagi Harshe. Sai ta uku, wata mata, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ita uwa ce, tana da yarinya 'yar firamare mai irin bakina. Ta ce Anti Fito ake kiran ta a makaranta, ta daina ɗaga hannu a aji, ta daina karatu da ƙarfi, a gida ma in ubanta ya shigo sai ta rufe baki da hannu. Ta ce ta sha gaya wa uban, yana cewa wasa ne, kuma da wasan ake ci a gidan. Ta roƙe ni in faɗa mata inda asibitin yake.

Tun kafin ta kai ƙarshe na gane ta, domin na je barka lokacin da ta haifi yarinyar. Na dubi Harshe. Ya cire abin sauraro daga kunnensa ya ajiye a hankali, fuskarsa kamar an watsa mata toka. Matar ta ce, "Baban yarinyar yana ji na," ta kashe waya. Mutumin da ke da harshe goma ya nemi ɗaya ya rasa. Ni na rufe masa shirin, na yi wa jama'a sallama.

Za ki tambaye ni ko na ji tausayinsa. Na duba zuciyata sosai, ban samu ba. Yarinyar na ji wa, har na yi mata kuka a hanya. Shi kuwa daɗi na ji, irin na wanda ya cire takalmi mai matsi.

Manaja ya ce in tafi gida sai an neme ni. Ban san abin da zai biyo baya ba.

Ƙanwarki,
Auta


Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na ga amsarki. Kin yi mini faɗa shafi guda, sannan a ƙasa kin ce in sake ba ki labarin takalmin Injiniya. Na gane ki.

Mako biyu na yi a gida. Na koma wurin Malama da kaina a ƙasa, ta ce ta ji shirin, ta kuma ji fiton farko, saboda haka mu koma "sa, se, si". Na raka matar Harshe da yarinyar wurin Likita. Yarinya kyakkyawa, hannunta a baki. Likita ta ce nata zai fi nawa sauƙi tunda ƙashinta bai gama ƙwari ba.

Kamfanin sabulu ya janye, shirin Asabar ya mutu, kiɗa ake sawa a gurbinsa. Manaja ya so ya kore ni, amma waya ta hana shi sakat, kowa na tambayar wace ce matar nan, Baba kuma ya hau sama ya ce shi bai ga magaji ba sai ni. Manaja mutum ne mai bin inda iska ta kaɗa. Ya kira ni ya yi mini faɗa na fita kunya, sannan ya ce in gwada.

Harshe yana nan, an mai da shi karɓar tallace-tallace a ƙasa. Ya tare ni a matakala, da muryarsa ta gaskiya, wadda na manta yadda take, ya ce in yafe masa. Na ce ya je ya nemi gafarar 'yarsa, ranar da ta ɗaga hannu a aji ya zo mu yi magana. Kafin nan kada ya gaishe ni.

Jiya da safe na karanta labarai. Ban gaya wa Mama ranar ba, don ina tsoron kada in kunyata. Ta ce tana kicin ta ji sabuwar murya, ba ta gane ni ba don ba ta taɓa jin ina karatu da sabon bakin ba, har ta ce a ranta wannan yarinya ta iya, Allah ya sa Auta ta koya a wurinta. Sai a ƙarshe da na faɗi sunana, ta saki ludayi. Da na dawo na same ta zaune da rediyon a cinya, an daɗe da gama labarai. Ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka muryarki take, shekara talatin muna tare ban taɓa tsayawa na saurara ba."

Ki gaishe da maigidan da 'yan biyu, ki kuma duba mini ƙaramin nan, in har yanzu yana tsotsar yatsa kada ki yi wasa da shi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta